Goran da Ke Dawowa Wayam

Shin ruwan nan yana shan sa, ko zubarwa yake yi? Shekara talatin da wani abu ke nan ina yi wa kaina wannan tambaya. Wanda ya san amsar yana kwance a maƙabartar Aliero, ni kuwa ga ni nan, ido ya tafi, haƙora sun tafi, tambayar ce kaɗai ta ƙi tafiya.

Abin da ya taso mini da ita bana shi ne azumi ya sake zagayowa cikin bazara, daidai lokacin cirar albasa, kamar waccan shekara. Jiya da la'asar iska ta kaɗo warin lawashi daga fadama har cikin ɗakina. Na ce wa jikata ta zo ta rubuta, tunda ni ban san baƙi ba.

Ba zan faɗi sunan maigidana ba, ko yanzu da ba ya duniya bakina ba ya iyawa. Abokansa Dogo suke ce masa, ni kuwa Malam. Daga Liba anka kawo ni gidansa ina yarinya, kuma albasa na tarar yana nomawa. Yakan kama jigo tun gari bai gama wayewa ba, yana ɗebo ruwa daga rijiya yana zubawa cikin fangalai har rana ta take, bai zauna ba. In an kira gayya, shi ke gaba. Abu guda yake taƙama da shi, ba dukiya ba, don ba mu da ita. Yakan ce tun ranar da ya balaga bai taɓa shan azumi ba, ko da zazzaɓi, ko da tafiya. Duk unguwa an san shi da wannan. In yaro ya yi raki da ƙishirwa, sai a ce masa ya je ya kalli Dogo.

Cutar ta soma ne a daminar da anka yanke mu daga jihar Sakkwato, anka ce yanzu Birnin Kebbi za mu riƙa dubawa. Daminar ba ta yi kyau ba, ruwa ya ɗauke gero na tsakiyar fitar da kai, rumbunmu bai cika ba. Da na ga Malam yana ramewa, sai na ɗauka tunanin abinci ne. Amma ci yake yi fiye da dā. Ruwa kuwa, sai ya shanye moɗa bayan moɗa a tsaye gaban randa, ya juya zai tafi, ya dawo ya ƙara. Bai daɗe da kwanciya ba sai ya tashi ya zagaya. Mazagin wandonsa ya yi tsawo, har na yanke masa.

Wata safiya na shiga makewayi bayan ya fito, na ga kiyashi sun yi baƙi ƙirin a inda ya yi fitsari, kamar an zubar da zuma. Na faɗa masa.

Ya ce, "Kulu, aikin ya ƙare miki ne, kin koma ƙirga kiyashi? Basir ne."

Maza a wancan zamani ciwo biyu sunka sani, basir da shawara. Duk abin da ya same su daga wuya zuwa gwiwa, cikin biyun nan yake. Malam ya yi ta sayo sassaƙe da jiƙe-jiƙe a kasuwar Jega, yana sha yana yamutsa fuska. Akwai kuma abin da tsohuwa ba ta faɗa wa jikarta dalla-dalla. Ya daina shigowa ɗakina. Ya ce zafi ke damunsa, alhali mutane na kwana da wuta saboda sanyi. Na zaci laifi na yi masa, na yi ta bincikar kaina. Sai daga baya na gane kunya ce ke cin sa, kuma wasu daga cikin jiƙe-jiƙen nan ba don basir yake sayen su ba.

Fartanya ce ta kai mu asibiti. Ta ɗan yanke shi a ɗan yatsan ƙafa, yankan da dā ko duba shi ba ya yi, sai ya ƙi warkewa, ya soma ruwa. Ana saura kaɗan a ga watan azumi ya ce wa mutane zai je Jega jin farashin albasa, ni kuma zan gaida wata gwaggota a Jega Magaji. Ba mu je wajen kowa ba sai asibiti.

Likitan mai furfura ne, mai magana a hankali. Ya sa anka gwada fitsarin, ya wanke ƙafar, sannan ya zaunar da mu.

Ya ce, "Malam, ciwon suga ne. Ba ya warkewa, amma ana zama da shi, kamar maƙwabci mai wuyar hali. Ka bar zaƙi, ka rage tuwo, ka riƙa ci kaɗan-kaɗan, ga ƙwayoyi kuma ka riƙa sha."

Malam ya ce, "To, azumi fa?"

"Bana kar ka yi. Jikinka yana zubar da ruwa fiye da yadda kake ba shi. In ka wuni cikin rana babu ruwa, abin da zai biyo baya ba ni da maganinsa."

"Likita, ni ban taɓa sha ba."

"Na yarda. Ba ka taɓa yin wannan ciwo ba kuma. Ka tambayi malamai, ba ni kaɗai ba."

Munka dawo cikin motar da ta ɗauko buhuna da mutane tare. Malam ya je wajen liman shi kaɗai, ya dawo ya ce liman ya ce Allah ya yi masa sauƙi, ya sha, ya ciyar da miskini a madadin kowace rana. Ya ce in riƙa auna gero ina kai wa wata tsohuwa makauniya da ke bayan gidanmu.

Sannan ya ce, "Amma kar kowa shi ji."

Na ce, "Ko Arzika?"

Arzika amininsa ne tun suna yara, gonarsu iyaka guda, tabarmarsu guda.

Ya ce, "Arzika musamman. In ya ji da hantsi, kafin azahar an sani har Sarandosa."

Ga yadda munka shirya. Zai tashi sahur kamar kowa, ya sha ƙwayarsa. In zai tafi fadama, zan cika masa goransa da ruwa, in ƙulle masa ɗan dawon fura marar zaƙi a tsumma ya sa a aljihu. In an tambaye shi, ruwan alwala ne. In rana ta take, ya ɓuya bayan tsamiyar da ke gefen gonar ya ci ya sha. Ya ce to. Goran tsoho ne, ya yi ja saboda hannu, akwai igiyar fata a wuyansa.

Anka ga wata. A unguwarmu maza ba sa buɗa baki a cikin gida. Ciyayya suke yi, kowane gida ya fitar da ƙwaryarsa da akushinsa, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci, kowa ya sa hannu a na kowa. An san kunun tsamiyata a wurin nan, don ina sakar masa suga ba rowa. Ranar farko na dama shi babu ko ƙwaya, saboda maganar likita. Ina tsakar gida ina jiyo su ta kan katanga.

Muryar Arzika ta fi ta kowa. Ya ce, "Dogo, wanga kunu ko maganin shawara? Mi ka yi wa Kulu?"

Wani ya ce, "Ko dai albasar bara ba ta biya ba?"

Arzika ya ce, "A'a, fushi ne. Na san fushin mata, ta kunu yake fitowa. Dogo, sayo mata zane mu huta."

Sunka yi ta dariya, Malam ma ya yi. Da ya shigo bai yi faɗa ba. Ya ajiye ƙwaryar a gabana, ya ce, "Gobe ki dama shi yadda kika saba."

Na ce, "Malam, likita fa?"

"Zan taɓa baki kawai in miƙa."

Daga ranar na koma dama biyu, mai zaƙi na waje, marar zaƙi na ajiye masa a ɗaki. Amma mutumin da ya wuni cikin rana, a miƙo masa ludayi cike a gaban abokansa, yaya zai taɓa baki kawai? Sau da yawa nawa na ɗaki yakan kwana, ya yi tsami, in ba awaki.

Goman farko ta wuce da sauƙi, safiya tana da ɗan sanyi. Kullum da yamma yana rataye goran a ƙusar zaure, in ɗauka in girgiza, wayam. Tsumman dawo ma babu komai. Sai in ji sanyi a raina, in auna geron makauniya in kai mata.

Da anka shiga goma ta tsakiya, zafi ya sauko da gaske. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ƙasa ba ta takuwa ba takalmi. Ƙadangaru na laɓe a gindin randa baki buɗe, kaji sun saki fukafukai sun daina tono. Ruwan randa da kansa ya koma kamar na wanka. Rijiyarmu ta ja baya, sai an daɗe ana jira kafin guga ya ɗauko rabi, shi ma da laka. Da azahar garin kan yi tsit, ba kukan yaro, ba daka, sai ƙarar kwanon rufi yana miƙewa. Miyau kan ƙafe har harshe ya manne. Geron rumbu kuwa, da hannu nake kai wa ƙasansa.

Lokacin ne albasa ke nuna. Ga wanda bai sani ba, in albasa ta kusa cira, ɗauke mata ruwa ake yi gaba ɗaya. A bar fangalai su bushe, ganyen ya kwanta ya yi rawaya, wuyanta ya ƙame, don in an cire ta da danshi, ruɓewa take yi a rudun ajiya kafin ta yi kuɗi. To an rataye jigo, sai gayya. Yau gonar wannan, gobe ta wancan, maza a sunkuye tun safe suna cira suna tarawa. Mu mata a gida muna karɓar lawashin da ya rage da ɗan kore, mu daka, mu cura gabu, mu shanya a kan zana. Idanu na hawaye, ba ka sanin na albasa ne ko na yunwa.

Malam na gaba a kowace gayya, kamar kullum. Amma ni da ke ganinsa in ya tuɓe riga, ina ƙirga haƙarƙarinsa. Leɓensa ya tsattsage. In ya yi magana sai ka ji harshen na kamawa. Yatsan ya ƙi rufewa, yana ɗaure shi da tsumma yana cusawa cikin takalmi. Wata rana ya miƙa hannu zai ɗauki buta, ya kama iska a gefenta.

Na ce, "Malam, kana sha kuwa?"

Ya ce, "Ba ki ga goran ba?"

"Na ga goran. Kai nake tambaya."

Ya dube ni, ya ɗan yi murmushi, ya ce, "Kulu, da ke namiji ce da alƙali anka naɗa ki."

Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ni kuma ban sake tambaya ba. Mace ba ta zuwa fadama ta tsaya kan mijinta a gaban maza. Kuma wa zan gaya wa? Uwata tana Liba, 'ya'yana ƙanana ne, aminiyata matar Arzika ce. Na riƙe maganar ni kaɗai, ina daka ina juya ta, ina tankaɗe ina juya ta.

Gayyar gonarmu ta faɗo a goman ƙarshe. Na roƙe shi ya zauna a inuwa ya bar mutane su yi, tunda ya yi wa kowa. Ya ce mai gona ba ya zama a gonarsa. Na cika goran har wuya, na toshe, na rataya masa da hannuna.

Bayan la'asar ina cikin dama kunu na ji tsayuwar amalanke a ƙofar gida, da muryoyin maza ƙasa-ƙasa. Sunka shigo da shi a kan hannu, rigarsa jiƙe sharkaf, sunka shimfiɗe shi a rumfa. Arzika ya tsaya daga nesa kamar yadda ya saba, yana riƙe da goran.

Ya ce, "Kulu, kar ki tsorata, rana ce ta buge shi. Tun azahar ya faɗi. Mun ja shi gindin tsamiya, mun yi ta fifita."

Na ce, "Tun azahar? Kun ba shi ruwa?"

"Mun zuba mai a kai da ƙirji. Na goransa ma munka juye, cike yake."

"A baki nake nufi."

Arzika ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce, "Haba Kulu. Dogo ne fa. Wani ya ce a ɗura mai, ni na hana. Mutumin da bai taɓa sha ba, mu karya mai yana sume, saura kwana kaɗan? In ya farka mi za mu ce mai?"

Nan na faɗa. A gaban duk wanda ke tsaye na faɗi suga, na faɗi likita, na faɗi liman da geron makauniya. Arzika ya ajiye goran a ƙasa a hankali. Ya ce, "Ni da shi tabarma guda." Ya fita da gudu neman mota, sauran sunka bi shi.

An samu motar albasa ta kai mu Jega. Malam bai sake buɗe ido ba tun a hanya. Sun sa masa ruwa ta hannu, sun yi iya yinsu. Ya cika ana gobe jajibiri. Ranar salla mutane na wucewa da sabbin kaya, ni ina zaune a ɗaki da zanen takaba.

Sai da na fita takaba na je gonar. Albasa an daɗe da kwashewa, Arzika ne ya tsaya anka adana mana ita. Shi ya raka ni, yana gaba ina baya. A kusurwar da ke kusa da tsamiya ya tsaya.

Ya ce, "Ranar gayya, duk gonar ga ta bushe, ganye ya kwanta. Nan kaɗai munka tarar da 'yan kawuna tsaye, kore shar, ƙasarsu da danshi. Mun yi ta mamaki. Ba mu haɗa su da sauran ba, don kar su ruɓar da su."

Na tsaya ina kallon wurin. Babu komai sai ciyawar damina.

Na ce, "Nan yake juye ruwan goran ke nan."

Arzika ya ce, "Ko nan yake alwala. Ko nan yake zama shi sha, sauran shi zubar. Wallahi Kulu, akwai ranar da na gan shi ya fito daga bayan tsamiyar ga yana goge baki da hannun riga."

"Ka gan shi yana sha?"

Ya ce, "Jakina dai ya riƙa bin shi duk watan, yana sunsunar aljihunsa. Na yi ta yi mai tsiya, ina cewa sun zama dangi."

Ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa. Ban sani ba ko maganar goge bakin gaskiya ce, ko don ya sanyaya mini rai ya faɗa, ko nasa ran. Har ya bar duniya, duk azumi yakan zo ya tsaya a zaure ya gaishe ni, kuma bai sake yi wa kunun kowa tsiya ba.

Yanzu ɗana Sani ya wuce shekarun da ubansa ya yi a duniya, kuma ciwon ya same shi. Yana da wani ɗan abu da yake huda yatsa da shi ya ga inda sugan ya kai. A ƙofar masallacin nan, a ciyayyar nan, ƙwaryar masu suga daban take, kuma ba ƙarama ba ce. Ina jiyo su ta kan katanga suna gardamar wanda nasa ya fi hawa, kamar masu gardamar farashin buhu. Injin ke ba albasa ruwa, jigo ya zama itacen wuta. Bana likita ya hana Sani azumi, ya dawo ya faɗa a tsakar gida da murya sama, ko a jikinsa. Da azahar nakan sa a kawo masa ruwa a ɗakina. Yana cewa, "Inna, ni yaro ne?" Ido ba ya gani sosai, don haka nakan ɗora hannu a wuyansa har sai na ji maƙogwaron ya motsa.

Goran yana nan a ƙusar ɗakina. Ya tsage ta gefe, ba ya riƙe ruwa.

In gida ya yi tsit da la'asar, kowa ya kwanta jiran magariba, wurin da zuciyata ke komawa shi ne ɗan lokacin nan da maza sunka fita neman mota, anka bar ni da shi a rumfa. Inuwar katanga ta riga ta rufe tsakar gida. Kunun da nake damawa ya yi fata a kan murhu. Na ɗebo ruwa a moɗa, na durƙusa, na tallafo kansa a cinyata. Kan ba nauyi, kamar na yaro. Na kira shi, na sake kira. Ya buɗe ido, ya daɗe yana nemana kafin ya gane ni.

Na ce, "Malam, ga ruwa. Ba kowa, sun fita. Ni kaɗai ce."

Na kai moɗar bakinsa, ruwan ya taɓa leɓen. Ya ɗaga hannu da ƙyar ya dafa nawa, ba da ƙarfi ba, ya ɗan tura shi gefe. Ya juya ido ya dubi katanga, inda sauran rana ta rage ja a samanta.

Ya ce, "Ajiye mini nan kusa, Kulu. Saura kaɗan a kira salla."